Yadda Rediyo Mai Kitso Ta Kai Ƙaninta Kotu

Tun tana ƙarama aka laƙaba mata Rediyo, kuma babu wanda ya taɓa cewa an zalunce ta. Malamin ajinsu ne ya fara. Wata safiya ya tambayi yara abin da suka gani a hanyar makaranta. Wannan ya ce akuya, wancan ya ce mota, kowa ya faɗi nasa ya zauna. Ita kuwa da ta miƙe, har aka kaɗa ƙararrawar fita tara ba ta ma bar ƙofar gidansu ba a cikin labarin. Malam ya dafe kai ya ce, "Jama'a, ta ina ake kashe rediyon nan?" Shi ke nan, suna ya bi ta. Yau ko jikokinta Kaka Rediyo suke ce mata.

Su uku ne a wurin Inna. Babbansu Yaya, mai shagon kayan gini, wanda za ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba sai in kwastoma ya tambayi farashin ƙusa. Rediyo ce a tsakiya, kuma ana cewa ita ta kwashe rabon maganar gidan gaba ɗaya. Sai Auta, wanda ya zo a makare bayan an fid da rai. Yana rarrafe mahaifinsu ya rasu, Inna ta shiga fafutukar ciyar da su, renon Auta ya dawo kan Rediyo. A bayanta ya yi wayo. Ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta, ita ta ciji kunnen wani ƙaton yaro da ya ƙwace masa takalmi. In ta samu alewa ɗaya, da haƙori take raba ta, ta ba shi babban ɓangaren.

Kitso kuwa a kan 'yan'uwa da maƙwabta ta koya, da kuka da zagi, har hannunta ya faɗa. Da ta yi aure sai mijinta ya gyara mata ɗakin da ke bakin titi ya zama shago. Makaniki ne, mutum mai sanyi, mai ƙaramin gareji a bayan tasha. Mutanen unguwa suna cewa ƙarar inji ce ta taɓa masa kunne, shi ya sa auren ya yi ƙarko. In an faɗa a gabansa sai ya yi murmushi ya ce, "Me kuka ce?"

Shagon ba wani babba ba ne: tabarma, kujera 'yar tsugunno, madubi mai tsaguwa a gefe, faranti cike da mataji da kibiya, gwangwanin man gashi, sai fanka da ba ta juyawa sai an mare ta. Amma mata daga unguwanni masu nisa suke zuwa. Kitsonta yana daɗewa bai tsufa ba, labari kuma kyauta ne. Ka kwantar da kai a cinyarta, kafin a gama gefe guda ka san wanda ya sayi firji, da wadda ta yi yaji, da dalilin da ya sa tela ya daina gaida mai wanki. Ita da kanta takan gargaɗi mutane.

"Don Allah in sirri ne kada ki faɗa min," in ji ta. "Cikina kwando ne."

A babban gida kuwa, Inna tana zaune tare da Yaya da matarsa da 'ya'yansu, Auta yana ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ya girma ya zama saurayi mai tsabta, mai gaisuwa har ƙasa, yana aiki a ofishin wani kamfanin sufuri. Aljihunsa ba ya rabuwa da biskit. Yaran gida da na maƙwabta a ɗakinsa suke yin aikin makaranta, iyaye suna ta sa masa albarka.

Cikin 'ya'yan Yaya akwai wadda aka sa wa sunan Rediyo na yanka, don haka Takwara take kiranta, har sunan ya bi gida. Yarinyar ba ta cika shekara goma ba, amma bakinta ya kusa kamo na goggonta. Duk ƙarshen mako ana kawo ta kitso, kuma in suka haɗu, masu jiran layi sai su yi ta juya kai kamar masu kallon ƙwallo.

Sai Takwara ta fara yin shiru. Ta daina cin abinci sosai, ta koma fitsarin kwance da ta daɗe da bari. In an gama mata kitso sai ta maƙale a bayan ƙofa, ta ce ita a nan za ta kwana. Aka ce shawara ce, aka ce tsutsar ciki ce, aka ba ta magani. Rediyo ma ta lura, ta kuma tambaye ta sau da yawa, amma irin tambayarta ce: kafin yarinya ta buɗe baki ta ba kanta amsa ta wuce wani zancen.

Ciwon haƙori ne ya gyara wannan. Turmi guda ya ruɓe mata, ta yi ta dauriya har kumatu ya kumbura, mijinta ya ɗauke ta ya kai ta aka cire. Likita ya cusa mata auduga, ya ce ta cije, kada ta yi magana har yamma. Makaniki ya tambayi likita ko ba za a iya ƙara kwana biyu ba.

A ranar aka kawo Takwara kitso. Shago babu kowa, don labari ya zagaya cewa Rediyo ba ta aiki. Ta nuna wa yarinyar tabarma da hannu, ta fara tsifa. Ba a jin komai sai ƙarar fanka. Aka gama tsifa, aka taje, aka yi tsaga, shiru dai. Can sai yarinyar ta yi magana, kanta yana kan cinyar goggonta, fuskarta tana kallon bango.

"Goggo, in mutum ya ce miki in kika faɗi abu Inna za ta mutu, da gaske za ta mutu?"

Rediyo ta so ta ce wane shashasha ne ya faɗi haka, amma auduga ta hana. Sai ta girgiza kai kawai, ta shafa bayan yarinyar. Da Takwara ta ji ba a katse ta ba, sai ta ci gaba. A hankali, da 'yan kalmomin da yaro yake da su, ta faɗi abin da Baffa Auta yake yi mata in ya rufe ƙofa da sunan aikin makaranta. Ta ce ya daɗe yana yi. Ta ce ya ce laifinta ne.

Kibiya ta faɗi daga hannun Rediyo.  Abu na farko da ya zo mata shi ne, ba zai yiwu ba, yaron da na goya. Amma ta kalli ƙeyar yarinyar, ta ga yadda kafaɗunta suka ɗage suna jiran duka. Ta zaro audugar ta jefar, jini a bakinta.

"Na yarda da ke," ta ce. "Ba laifinki ba ne, ko kaɗan. Inna kuma ba za ta mutu ba. Kin yi daidai da kika faɗa min."

Ta rufe shago, ta ja hannun yarinyar har gareji. Makaniki yana ƙarƙashin wata mota. Ta tsuguna ta faɗa masa cikin jimla biyu, abin da bai taɓa ji daga bakinta ba tun da ya san ta. Wannan karon bai ce me kika ce ba. Ya fito, ya goge hannu da tsumma.

"A kira uwarta," ya ce. "Asibiti tukuna."

Matar Yaya ta zo da gari a hannu, ta ɗauka kitson ne aka ɓata. Da ta ji, sai ta ɗora hannu a ka. Sannan ta rungume 'yarta, suka shiga mota. Likitar da ta duba yarinyar ta tabbatar, ta rubuta abin da ta gani, ta kuma ce musu wannan magana ce ta hukuma.

Kafin hukuma sai da aka yi zaman gida. Aka taru a ɗakin Inna, Auta yana wurin aiki. Inna ta yi kuka, ta ce ƙarya ce, ta ce yara suna kallon abubuwa a waya. Da aka faɗa mata abin da likita ta ce, sai ta sauya.

"To a rufa wa juna asiri," ta ce. "Abu ne na cikin gida. In ya fita, yarinyar ce za a nuna da baki har ta girma. A tura shi wurin kawunku a wani gari, ya nemi aiki can."

Kowa ya kalli Yaya. Yaya yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Inna," in ji Rediyo, kumatunta har yanzu a kumbure, "can garin babu yara ne?"

"Ke, da ni kike?"

"Tambaya na yi. Gidan Kawu 'yan mata nawa ne? In ya je can, su ma a rufa asiri a tura shi gaba?"

"Ƙaninki ne fa! Ke kika rene shi!"

"Ni na rene shi. Ita ma jininki ce, Inna. Ko ba ki ƙirga da ita ba?"

Inna ta ce in ta taka ofishin 'yan sanda, to ta nemi wata uwar. Rediyo ta gyara mayafi, ta dubi matar Yaya. Matar ta miƙe ta bi ta. Yaya bai hana ba, bai kuma bi su ba.

A ofishin 'yan sanda aka nuna musu wani ɗaki a can baya, na sashen mata da yara. Akwai wata Sufeto, doguwa, mai tabarau a saman goshi, da 'yar tsana guda a kan teburinta. Ta zaunar da su, ta ba Takwara ruwa, sannan ta yi kuskuren da duk wanda bai san Rediyo ba yake yi.

"Baiwar Allah, fara min daga farko."

Rediyo ta fara daga ranar da aka haifi Auta. Sufeto ta cika shafi guda suna wajen yaye. Ta ajiye biro ta ce, "A'a, fara min daga ƙarshe, mu dawo baya." Haka aka samu bayanin. Takwara kuwa Sufeto ita kaɗai ta zauna da ita da uwarta, ba gaggawa, ba tsawa. Washegari aka je ofishin Auta aka tafi da shi.

Daga nan baƙi suka fara sauka. Dangin da ba su san launin ƙofar Rediyo ba duk suka gano hanya. Kawu ya zo, ƙanwar Inna ta zo, wani tsoho ya zo wanda har yau ba a gano ta ina aka haɗa dangi da shi ba. Kowa da irin nasa salon: wani lallashi, wani wa'azi, wani barazana. Duk magana ɗaya ce, a janye ƙara. Rediyo tana dafa musu shayi, suna sha suna zaginta a fakaice, har sukarin gidan ya ƙare, Makaniki ya ce daga yau a riƙa ba su ruwa.

Kuma maganar ta shige ta. Ba ta iya cin abinci ba ta tuna me Auta yake ci a can ba. Wata rana ta shirya ita kaɗai ta tafi wurin lauyar gwamnati da aka ba shari'ar, wata 'yar siririyar mata mai saurin magana, wadda teburinta ya cika da fayil har ba a ganin wayarta in tana ƙara.

"Ranki ya daɗe," in ji Rediyo, "ba cewa na yi a janye ba. Tambaya ce kawai. In mutum ya so ya janye, ya ake yi?"

Lauya ta dube ta da kyau. "Sun matsa miki ko?"

"Sun shanye min sukari."

Lauya ta yi dariya, sannan ta ce, "Goggo, ai ƙarar ba taki ba ce yanzu. Irin wannan laifin, gwamnati ce take ƙarar mutum. Ke shaida ce kawai. Ko kin zo da kuka ba ki da abin janyewa."

Rediyo ta ji kamar an sauke mata buhun siminti daga ka. Daga ranar duk wanda ya zo, sai ta tarbe shi da fara'a ta ce, "Wallahi kun makara, abin ya bar hannuna. Ku je ku roƙi gwamnati, tana can ofishin lauya, hawa na biyu, kusa da matakala." Babu wanda ya je.

A shago ma abubuwa suka sauya. Da farko mata suka yi cincirindo, har waɗanda kitsonsu bai yi kwana uku ba, kowa ta zo jin labari daga tushe. Rediyo ta ba su labarin tsadar tumatir. Ta ba su tarihin fankarta tun daga ranar da aka saye ta. In wata ta ce, "Ni kuwa an ce Auta..." sai ta ɗan ja gashin ta ce, "Gyara kanki, kina karkace min tsaga." An san an kama shi, an san ita ta kai shi, amma sunan yarinyar da abin da aka yi mata bai taɓa fita daga bakinta ba. Wasu suka daina zuwa don babu labari. Wasu suka daina don sun ce ba za su ɗora kansu a cinyar wadda ta ɗaure ɗan'uwanta ba. Shago ya yi fili, fanka ta samu hutu.

Takwara da uwarta suka dawo gidan Rediyo da zama. Ana kai yarinyar wurin wata ma'aikaciyar asibiti da take hira da yara irinta, tana ba ta takarda da fensir mai launi. A hankali abinci ya fara shiga. Wata safiya Rediyo ta jiyo ta tana yi wa kyanwar gidan faɗa a kan kifi, faɗa mai tsawo, har da misalai. Ta tsaya a bayan labule tana saurare, tana share ido da bakin zani.

Ita kuwa shari'a, Rediyo ta ɗauka abu ne na wuni guda, a faɗi gaskiya a tashi. Ashe kotu ta fi ta jan labari. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan Auta ba shi da lafiya, jibi motar gidan yari ta lalace a hanya. Makaniki ya ce da za su kawo masa ita da ya gyara kyauta. Tun tana fushi har ta saba. Ta fara zuwa da mataji da kibiya a jaka, kuma kafin a shekara, rabin matan da ke aiki a harabar kotun da kitsonta suke yawo. A ƙarƙashin bishiyar da ke bayan ofishin rajista take yi musu, lokacin hutun rana.

Ranar da Takwara za ta ba da shaida, alƙali ya sa aka fitar da kowa, aka kafa labule don kada ta ga Auta. Rediyo tana waje a kan benci, don ita ma shaida ce, ba a yarda ta ji ba. Tana zaune sai ta ga mutum ya zo ya zauna kusa da ita, da ƙurar siminti a wandonsa. Yaya ne. Tun zaman ɗakin Inna magana ba ta haɗa su ba.

"Ta shiga?" ya ce.

"Ta shiga."

 Da aka buɗe ƙofa yarinyar ta fito riƙe da hannun uwarta, sai ta tsaya cak da ta ga babanta. Yaya ya durƙusa a gaban mutane, ƙaton mutum da shi, ya ce, "Ki yafe min, 'yata. Na yi jinkiri." Daga ranar bai sake fashin zaman kotu ba.

Sai aka zo kan Rediyo. Ta ci ado kamar mai zuwa biki, ta shiga akwatin shaida, ta yi rantsuwa. Lauyar gwamnati ta bi da ita a hankali, komai ya tafi daidai, in ban da sau biyu da alƙali ya ce ba a buƙatar tarihin haƙorin. Sannan lauyan Auta ya miƙe, wani dattijo mai taushin murya. Ya ce ta riƙa amsawa da e ko a'a kawai. Rediyo ta dubi alƙali kamar an ce ta yi numfashi da kunne.

"Gaskiya ne ana ce miki Rediyo?"

"E."

"Saboda yawan surutu?"

"To, ai shi malamin..."

"E ko a'a."

"E."

"Gaskiya ne a shagonki kina ba da labaran mutane?"

"E."

"Kin taɓa ƙara gishiri a labari?"

 Ta riga ta yi rantsuwa, ga kuma mata biyu a kujerun baya da ta san sun san amsar.

"E," ta ce. "Ranka ya daɗe, a bar ni in ƙara kalma kaɗan."

Alƙali ya kalle ta ta saman tabarau. "Kaɗan."

"Na sha ƙara gishiri. In mota ta bugi kaza, kafin labarin ya bar shagona ta zama rago. Amma wannan, da ana rage shi da na rage. Wancan da ke tsaye, ni na goye shi. Babu abin da na nema a duniya irin a ce min yarinyar nan kuskure ta yi. Abin da ta faɗa min shi na faɗa, ban ɗora ko ƙwayar gishiri ba."

Sai a lokacin ta yarda ta kalli Auta. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Idonsa yana ƙasa, bai ɗago ba har ta sauka.

Likita ta zo ta yi bayani, Sufeto ma ta yi. Auta ya musa, ya ce sharri ne, amma da aka yi masa tambayoyi maganarsa ta yi ta karo da juna. Ranar hukunci alƙali ya daɗe yana karatu, a ƙarshe ya ce kotu ta same shi da laifi, ya yanke masa shekaru masu yawa a gidan yari. Matar Yaya ta ce alhamdulillahi. Lauyar gwamnati ta riƙe hannun Rediyo ta ce an yi nasara. Rediyo ta gyaɗa kai, ta fita, ta shiga bayan motar da Makaniki ya aro, ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba tun rasuwar mahaifinsu. Makaniki bai tada mota ba sai da ta gama.

Ba a daɗe ba wata 'yar ƙanwar Inna, matar aure mai 'ya'ya biyu, ta zo kitso. Tana kwance a cinyar Rediyo ta ce, ƙasa-ƙasa, ita ma Auta ya yi mata haka tana yarinya, lokacin da take zuwa hutu gidan Inna, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ba ta so a koma kotu, so take kawai wani ya sani. Rediyo ta ce ta ji, ta kuma yarda. Wannan ma ya zauna a cikinta.

Sau ɗaya ta je gidan yari. Ta kai sabulu da man shafawa. Auta ya fito, ya ce ta kashe masa rayuwa. Ta ce masa ba ita ta rufe ƙofar ɗakin nan ba. Ta ajiye kayan ta tafi, ba ta sake komawa ba, ko da yake Makaniki yakan kai saƙo lokaci-lokaci, ita kuma takan yi kamar ba ta sani ba.

Inna kuwa ta cika alkawari, ta daina yi mata magana. Amma Rediyo ba ta daina zuwa gaisuwa ba. Duk mako sai ta je, ta zauna a bakin gado, ta gaishe ta, ta amsa wa kanta, ta ba ta labarin unguwa kaf, Inna tana kallon bango. Shekaru aka yi a haka. Matar Yaya, wadda ta koma gidan bayan an mai da ɗakin Auta wurin ajiyar kaya, ta ce ta sha kama Inna tana danne dariya. Da tsufa ya kwantar da ita, wata rana Rediyo tana gyara mata matashi, sai tsohuwar ta buɗe baki.

"Ke dai ba kya gajiya."

"Inna, magana kika yi?"

"Cewa na yi miƙo min ruwa."

Ba ta taɓa cewa Rediyo ta yi daidai ba, har ta koma ga Allah. Amma a hannunta ta cika, kuma Rediyo ta ce wannan ya ishe ta.

Yanzu yatsunta sun fara ciwo, 'yan mata biyu ne suke yin yawancin kitson, ita tana kan kujera a bakin ƙofa tana ba da umarni da labari. Kwastomomi sun dawo, har da waɗanda suka yi rantsuwa ba za su sake zuwa ba. Wani lokaci wata mata takan zo ba don kitso ba, ta tsaya tana murza bakin mayafi. Rediyo takan sallami 'yan matan, ta tura ƙofa, ta saurara. In ta kama a je asibiti ko wurin hukuma, sai ta ɗauki jakarta ta raka ta, don ta san ƙofar da ake shiga da wadda ake ɓata lokaci.

Takwara ta girma, ta fi goggonta tsawo, tana karatun aikin jinya. Akwai ranakun da abin yakan dawo mata, ta rufe ɗaki, kuma an koyi a bar ta har ta fito. A hutun da ya wuce ta matsa wa Makaniki sai ya koya mata tuƙi. Ya samo wata tsohuwar mota, suka yi ta zagaye a filin bayan tasha. Da ta ga hannunta ya fara faɗawa, sai ta ce za ta je ta nuna wa Goggo. Ta shigo layin a hankali, tana hon, tana ɗaga wa mutane hannu. Daidai ƙofar shago ta nemi birki ta taka totur. Motar ta haye dakali, ta kwashe bokitin ruwa da allon shago, ta tsaya da hanci a jikin bango. Babu wanda ya ji ciwo. Makaniki ya fito yana duba fitila, Takwara ta leƙo ta taga.

"Goggo, kin ga na iya?"

"Na gani," in ji Rediyo, ƙafafunta a ɗage a kan kujera, ruwa yana bi ta ƙasa. "Saura ki koyi tsayawa. Sauko ki ɗauke min allona."